Iskar da Inji Bai Sha Ba, Ina Za Ta Bi?

Duk wanda ya ɗan tsaya a bakin Titin Maiduguri, wajen gadar sama ta Hotoro, ba zai jima ba sai ya ga ƙananan Marsandi suna giftawa da rubutun Kompressor a bayansu. Galibi C180 ce ko C200, 'yan Kwatano da suka gama yayinsu a Turai suka zo Kano suka buɗe sabon shafi. Da yawa daga masu su sun ɗauka rubutun ado ne kawai, wasu kuma suna zaton kwamfuresar sanyin mota ake nufi. Abin da ake nufi shi ne akwai wata na'ura a jikin injin, bel ne ke juya ta, aikinta ta ɗura wa injin iska da ƙarfi fiye da yadda zai iya zuƙa da kansa. Makanikai na kiran ta sufacaja.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wani yayi da ya shigo wa samari masu ƙaunar mota. Suna kallon bidiyon motocin tsere a waya, suna jin wata ƙara "fishhh" duk sa'ad da direba ya ɗaga ƙafa zai sauya giya, sai su nufi gareji su ce, "Oga, nima a saka mini wannan abin." Abin kuwa bawul ne da ke zubar da rarar iska waje. Wasu kan ƙara da cewa a canza musu fuli, wato ƙafar da bel ke hawa, don na'urar ta ƙara gudu. Kafin mutum ya miƙa makullinsa, ya kamata ya san hanyar da iska ke bi a cikin motarsa, domin a nan duk rikicin yake.

Injin fetur ba mai kaɗai yake sha ba. Kowane kilo ɗaya na fetur yana neman kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, iskar ce ke da wuya, don fistin ba ya iya zuƙar fiye da abin da sararin sama ya tura masa. A Kano ma abin ya fi ƙaranci, saboda garin na bisa tudun da ya haura mita 450 daga teku, ga kuma zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi. Shi ya sa totur da kake takawa ba famfon mai ba ne kamar yadda mutane da yawa ke zato. Wani faifai ne a cikin bututun iska, in ka taka ya buɗe, in ka saki ya rufe. Kwamfutar motar, wadda 'yan gareji ke ce wa birenbos, ita ke duba yawan iskar da ta shiga ta ba da man da ya dace da ita.

Sufacaja zuga-zugin maƙeri ce aka ɗaura wa inji, kuma tarihinta ma daga wajen narka ƙarfe ya faro. Wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na garin Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, su ne suka yi wa na'urar rajista a 1860, aka riƙa hura wutar masana'antun ƙarfe da ita. Kamfanin Daimler ya nuna motocin Marsandi masu ɗauke da ita a baje-kolin Balin na 1921, sa'annan a tsakiyar shekarun 1990 ya farfaɗo da sunan Kompressor a ƙananan motocinsa, da na'urorin kamfanin Eaton. Jikokin waɗannan ne ke yawo a Hotoro da Nassarawa yau.

Bidiyoyin da samari ke kallo kuwa, yawanci motocin turbo ne, kuma turbo dabam take. Hayaƙin salansa ne ke juya ta. Ka ɗaga ƙafa hayaƙi ya ragu, ita ma ta fara lafawa da kanta. Rarar iskar da ta tara ta ɗan lokaci ce, bawul ya buɗe ya fitar da ita sau ɗaya, shi ke nan. Sufacaja irin ta Roots ba ruwanta da ƙafarka. Muddin inji na juyawa bel na jan ta, kuma kowane zagaye sai ta kwaso iska daidai cikinta ta tura gaba. Eaton M62, wadda aka saka wa C230 Kompressor na farko, kusan lita ɗaya take turawa a zagaye guda. Mu ƙaddara inji na zagaye 3,000 a minti, ita kuma tana ninka shi sau biyu. Lita 6,000 ke nan a minti, alhali inji mai lita 2.3 ba ya zuƙar fiye da wajen lita 3,450 ko da totur na buɗe gaba ɗaya. Wannan rarar ce ke zama matsin da ke ba mota ƙarfi. To amma idan ka ɗaga ƙafa a shataletale, injin ya koma shan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ita kuma tana nan tana ɗura dubban litoci, ina iskar za ta bi?

Amsar ta danganta da inda aka ajiye totur. Masu ƙera mota sun kasu biyu a kan wannan.

Wasu kan sa shi a gaba, iska ta fara ratsa totur kafin ta isa na'urar. Haka Range Rover Supercharged take, haka Mini Cooper S ta 2002 zuwa 2006, haka Audi mai injin 3.0 TFSI. Hikimar a fili take: totur na rufewa, na'urar ta rasa abin kwasa, don haka babu matsin da zai taru ya fasa wani abu. Sai dai tana ci gaba da fafutukar zuƙar abin da babu, tana cin ƙarfin inji a banza tana ɗaukar zafi. Saboda haka aka yi mata wata ƙaramar hanya da ta haɗa bakin fitarta da bakin shigarta, da bawul a tsakani. Idan ba a neman ƙarfi bawul ɗin na buɗe, iska na kewayawa, na'urar na juyawa sakayau. Ka taka sosai ya rufe, matsi ya taso nan take. Aibin wannan tsari shi ne idan tazarar da ke tsakanin totur da inji ta yi tsawo, misali an kai na'urar sanyaya iska can gaban lagireto da dogayen tiyo, motar kan yi nawar amsa ƙafa, silo ɗinta kuma ya riƙa hawa da sauka. Shi ya sa masu wannan tsari ke ɗora abin sanyaya iskar a kan inji, dab da na'urar.

Marsandi kuwa, a injinanta masu fistin huɗu, ta bi ɗaya hanyar. Iska na fita daga na'urar, ta ratsa abin sanyayawa a gaban mota, sa'annan ta tarar da totur a bakin inji. Mota mai wannan tsari tana amsa ƙafa da sauri. Haɗarinsa shi ne da zarar totur ya rufe, na'urar na ɗura iska ne a rufaffiyar ƙofa. In babu mafita, tiyo zai ɓalle, bel ya riƙa zamewa yana kuka, abin sanyaya iska ya tsage, faifan totur ɗin kansa yana iya lanƙwashewa. Don haka suka saka wani babban marfi da birenbos ke sarrafawa, wanda ke mayar da rarar iskar baya zuwa bakin na'urar. A na farko-farkon har kuloci mai maganaɗisu suka ƙara, irin na kwamfuresar sanyi, wanda ke sakin na'urar ta huta idan mota na tsaye a silo.

A lura da abu guda: a tsarin biyu duka, iskar ciki take komawa. Babu wanda ya zubar da ita waje, kuma ba don ba su san daɗin ƙara ba ne. Na farko dai, a motar sufacaja wannan marfi a buɗe yake yawancin lokaci, ba wai lokacin sauya giya kaɗai ba. Wanda ya buɗe shi zuwa waje ba "fishhh" ɗin bidiyo zai samu ba, huci zai samu mara yankewa tun daga Hotoro har Ƙofar Nassarawa. Ƙaramin bawul ɗin da aka ƙera don turbo kuma sau da yawa bakinsa bai isa ya fitar da wannan yawan iskar ba.

Babbar matsalar ita ce ta lissafi. A injin M271 mai lita 1.8, wanda ya fito a 2002 kuma shi ne a yawancin C180 da C200 Kompressor da ke hannun mutane, ma'aunin iska yana kusa da matatar iska, tun kafin na'urar. Duk iskar da ta wuce shi an riga an ƙirga ta, birenbos ya yanka mata rabonta na mai. Ka zubar da ita waje, man ya shiga inji shi kaɗai. Sai ka ga baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi duk bayan 'yan kwanaki, mota na mutuwa a danja. Man da bai ƙone ba yana gangarawa ya lalata abin tace hayaƙin nan da ake ce wa indomi, wani kuma ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya tsinka wanda ke ƙasa. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ban ga mai hankalin da zai biya kuɗi a koya wa motarsa ɓarnar fetur ba. Akwai dai injinan da ma'auninsu ke bayan wurin da za a zubar, ko waɗanda matsin cikin inji kawai suke aunawa. Waɗannan lissafinsu ba ya rikicewa, huci da asarar ƙarfi ne kawai ribarsu.

Masu totur a gaba kuma nasu ya fi muni. Duk abin da ke bayan totur, idan ƙafa ba ta kai, zuƙa yake yi ba turawa ba. Bawul ɗin da aka dasa a can, in ya buɗe, iska ce za ta shigo ta cikinsa, wadda ba a auna ba kuma ba a tace ba. Wanda ya san hazon Disamba da Janairu a Kano ya san abin da wannan ke nufi. Ƙarafa biyun da ke juyawa a cikin na'urar tsakaninsu bai kai kaurin ƙumba ba, ga wani shafe a jikinsu da ke toshe ɗan ratar. Ƙura na kankare shi, daga nan ta wuce kan fistin.

Saura batun fuli. Ƙaramin fuli na sa na'urar ƙara gudu, matsi ya ƙaru, wannan gaskiya ne. Amma iska in aka matse ta zafi take yi, kuma irin ta Roots ta fi sauran zafafa ta idan aka wuce da ita iyakarta. Marsandi ta tsara waɗannan injina ne a kan fetur mai lamba 95 a ma'aunin jure matsi, mu kuwa kala ɗaya ake sayar mana a gidajen mai, kuma ƙa'idarsa ba ta kai haka ba. Zafin gari, zafin matsi, da mai mai saurin kamawa, in suka haɗu sai man ya riƙa fashewa kafin lokacinsa. Birenbos na jin wannan ƙwanƙwasa ya ja wuta baya don ya ceci injin, ƙarfin da aka saya da kuɗi ya tafi. In abin ya fi ƙarfinsa, fistin ya narke. Dabarar da wasu ke yi ita ce su sa ƙaramin fulin, sa'annan su dasa bawul mai sifirin da zai riƙa zubar da abin da ya haura. A ganina wannan wahala ce kawai. Injin ya riga ya biya kuɗin matse iskar ta hanyar bel, ta riga ta ɗauki zafinta, sa'annan a watsar. Turbo tana da ƙofar da ke karkatar da hayaƙi tun kafin ya yi aiki, shi ya sa rage mata matsi ba asara ba ne. Sufacaja ba ta da wannan gatan, girman fuli shi ne ma'auninta. Motoci irin su Audi suna rage matsi da marfinsu, amma kwamfuta ce ke yi daidai da mai da wuta, kuma ciki take mayarwa.

Abin da ya fi yawa a garejinmu ma ba ƙarin ƙarfi ba ne, rashinsa ne. Marfin mayar da iska in ya maƙale a buɗe, mota za ta zama kamar ba ta da na'urar sam. Injin M271 kuma an san shi da wani ɗan tiyon numfashi a ƙarƙashin akwatin matatar iska, wanda ke tsagewa in ya tsufa ya rikita silo. Sau da yawa akan yanke wa sufacaja hukunci alhali lafiyarta lau, mai mota ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo wata da tsada, matsalar kuma tana nan. A fara duba marfi da tiyo da bel, a sa kwamfuta ta karanta motar. Ita na'urar tana da nata ɗan mai a cikinta dabam da na inji, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba. Masu C200 mai rubutun CGI da aka ƙera daga wajen 2009 kuwa su sani tasu turbo ce, don a lokacin ne Marsandi ta fara sauya wa wannan inji tsari.

Mai karatu, idan har ka ƙudurta sai an taɓa maka inji, ka sa a buɗe bonet a gabanka. Ka ce wa makanike ya ɗora yatsa a kan matatar iska, ya bi bututun da kai har bakin inji, ya nuna maka ma'auni, ya nuna maka totur, ya kuma faɗa maka inda iskar za ta bi idan ka ɗaga ƙafa. In ya ce waje za ta fita, ko ya fara kame-kame, ka karɓi makullinka.