Yadda Ake Gwada Ƙarfin Gini a Kwamfuta Kafin a Haƙa Harsashi

Tun daga 1976, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar gina sabon babban birni a Abuja, aikin gini bai tsaya ba a wannan yanki. Wanda ya dubi manyan benaye da gadojin birnin yakan tambayi kansa, shin ta yaya injiniya ya san za su ɗauki nauyin da aka ɗora musu? A yau kwamfuta ce ke yin yawancin lissafin, ta wata dabara da za mu kira lissafin gutsattsari, wadda Farfesa Ray Clough na Amurka ya raɗa wa suna a 1960.

Ga yadda abin yake. Ba a iya lissafa gini sukutum, sai a yanyanka siffarsa a cikin na'ura zuwa ƙananan gutsattsari dubbai, masu haɗuwa a wuraren da ake kira ƙulli, har hoton ya zama tamkar raga. Na'ura ta lissafa yadda kowane gutsure zai motsa idan nauyi ya danne shi, sa'an nan ta harhaɗa amsa. Manhajoji irin su ANSYS da Abaqus da SAP2000 duk haka suke aiki. Amma zaɓen irin gutsuren da za a yi amfani da shi, wannan kam yana wuyan injiniya.

Ginshiƙi da ƙarfen rufi dogaye ne sirara, gutsure mai kamar sanda ya ishe su. Daɓen bene da bangon tankin ruwa suna bukatar mai faɗi kamar faifai. Abu mai kauri kuwa, kamar madatsar ruwa ta Usuma da ƙasar da take zaune a kai, akan yanka shi gunduwa-gunduwa, ko mai siffar bulo ko mai siffar dala mai fuska huɗu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen zaɓen mataki. Gutsure na mataki na ɗaya yana da ƙulli a kusurwoyinsa kaɗai, gefunansa miƙaƙƙu ne. Na mataki na biyu an ƙara masa ƙulli a tsakiyar kowane gefe, saboda haka yana iya lanƙwasa. Dala mai ƙulli 4 ta zama mai 10 ke nan, bulo mai 8 ya zama mai 20. Mai karatu ya kwatanta mutum biyu da aka ce su zagaye bakin ƙwarya, ɗaya da guntayen tsinke, ɗaya da tsumagiya. Mai tsinke sai ya tara da yawa kafin da'irarsa ta yi kama da da'ira. Dala mai ƙulli 4 tana da taurin kai ƙwarai: takan nuna cewa bene zai ɗan lotsa kaɗan, alhali kuwa lotsawar gaske ta fi haka. Abin takaici, manhaja ta fi saurin shimfiɗa raga da irin dala, don haka mai gaggawa yakan karɓi abin da aka ba shi bai duba ba. Mataki na biyu ya fi cin lokacin na'ura, amma a wurin da abu ke lanƙwasa, a ganinmu lokacin bai tafi a banza ba.

Kada a ɗauka wannan zancen masana ne kawai. A ranar 23 ga Agusta 1991, gindin kankare na dandamalin haƙar iskar gas mai suna Sleipner A ya nutse kusa da Stavanger a ƙasar Norway ana cikin gwada shi. Bincike ya nuna cewa ragar da aka yi lissafi da ita ba ta dace ba a mahaɗar wasu bangaye, har aka rage ƙarfin da ke tsaga su da kashi 47 cikin ɗari. Asarar ta kai kimanin dala miliyan 700.

Saboda haka, duk wanda zai gina bene a Abuja, inda aka ji motsin ƙasa a Mpape cikin Satumba 2018, ya tabbata injiniyansa yana da rajista da hukumar COREN. Idan an nuna masa hoto mai launuka daga kwamfuta, yana da ikon ya yi tambaya: an ƙara matse idon ragar an sake lissafi har amsa ta daina canzawa? An kuma gwada amsar da lissafin hannu?