Farautar Tsuntsu Da Kyamara A Kafanchan

Duk wanda ya bar Kafanchan da asuba ya nufi Matsirga, kusa da Madakiya, tun daga nesa zai ji rugugin ruwan da ke zubowa daga tsayin kusan mita 30. Ruwan nan daga duwatsun Kagoro yake gangarowa, ya taru a wani gurbi a ƙasa, sa'an nan ya wuce. A irin wannan wuri, da tafkunan fadamun da ke kewaye, mai ɗaukar hoton tsuntsaye yake samun abin da ya fito nema, musamman da rani, lokacin da ƙishirwa take tara kowace halitta a bakin ruwa.

Aikin na mai haƙuri ne. Sai mutum ya sa tufafi marasa haske, ya juya wa rana baya, ya zauna shiru kamar mai fatsa. Zalɓe yakan tsaya cik a gefe yana dakon kifi, balbela ta bi shanu zuwa mashaya, guza kuwa ya fito shan hantsi. Motsi ɗaya na garaje ya isa ya watsa su duka. Kusantar sheƙa ma haramun ne ga masu wannan aiki, domin uwa tana iya gudu ta bar ƙwanta. Haka kuma wajibi ne baƙo ya fara gai da mai unguwa ya faɗi abin da ya kawo shi, saboda tashe-tashen hankulan da yankin ya sha sun sa ana ɗari-ɗari da baƙuwar fuska.

Wani zai ce wannan aikin marasa abin yi ne. Amma ƙasar nan tana da wata baiwa. Ruwan sama mai yawa da duwatsun Kagoro ke jawowa ya raya kurmi a tsakiyar ƙasar ciyawa, watau dajin Nindam. A 1986 masana uku, Dyer da Gartshore da Sharland, suka buga jerin tsuntsayen wannan daji a mujallar Malimbus, inda suka nuna akwai tsuntsayen kurmi waɗanda aka fi saninsu da kudancin Nijeriya. A 2001 kuma ƙungiyar BirdLife International ta sa dazuzzukan Kagoro da Nindam cikin muhimman wuraren tsuntsaye na Afirka.

Tun daga lokacin gatari bai huta ba. Saran katako da ƙona gawayi da faɗaɗa gonaki sun ci gefen kurmin, kuma idan inuwa ta tafi, rafi ya kan ƙafe da wuri. To, a nan ne hoto yake da amfani. Hoton da aka rubuta wa rana da wuri shaida ne, wanda za a gwada da jerin 1986 a ga abin da ya saura da abin da ya ɓace. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, kuma da rahoton 'yan sa-kai shirin ya dogara.

Saboda haka yaron da ya iya laɓe da danƙo ya riga ya koyi rabin aikin. Saura a ba shi aron kyamara da littafin rubuta rana.