Zoben Azurfar Da Ke Hannunka: Daga Ina, Kuma Na Gaske Ne?

Ni ɗan Udubo ne, ta ƙasar Gamawa a masarautar Katagum, mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa Legas. Kwanaki a Agege wani abokina ya nuna min mundayen da ya saya zai sa a lefe, wai azurfa ce. Ina ɗauka na ji su sakayau kamar murfin tukunya. Goran ruwa aka sayar masa, wallahi.

A wajenmu maƙera kashi biyu ne. Maƙeran baƙi su ne masu fartanya da gatari, maƙeran fari kuwa aikinsu azurfa da tagulla: zobe, munduwa, awarwaro, 'yan kunne, har adon linzamin dokin hawan salla. A da ba haƙo azurfar suke yi ba, kuɗi suke narkarwa. Babba a ciki shi ne liyari, kuɗin ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Teresa, wanda duk shekarar da aka buga shi 1780 ake rubutawa. Nauyinsa giram 28 ne. Akwai kuma sulallan Turawa na kafin 1920, lokacin da aka daina yin su da azurfa. Maƙeri zai zuga gawayi da zugazugi, ya narke kuɗin, ya buge a kan uwar maƙera, sannan ya zauna zane. Buzayen Agadas kan fara siffanta abin da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su narkar da kakin su zuba azurfa a gurbinsa. Har 'yan ƙabilar Hopi na Arizona a Amurka, da kuɗin azurfa suka fara tasu ƙirar.

Shi ya sa matan Fulanin da babana ke ciniki da mazajensu ba don kwalliya kaɗai suke sa ta ba. Ajiya ce, ranar da ta ɓaci a kai kasuwa. Namiji kuma azurfa Musulunci ya halatta masa, ban da zinare.

To in za ka saya, jinjina ta tukuna, ta gaske tana da nauyi. Maganaɗisu ba ya kama ta, sai dai shi ma goran ruwa ba ya kamawa, kar ka tsaya nan. Nemi lambar 925 a jiki. In ta daɗe takan yi baƙi, toka ko lemon tsami ya dawo da haskenta. Abokin nan nawa dai sai da muka aika Kasuwar Kurmi aka sayo masa wasu.