Sholay: Yadda dokar ta-ɓaci ta sauya ƙarshen fim ɗin da ya haɗa jini da dariya

Ranar 15 ga Agustan 1975, ranar da Indiya ke bikin cika shekara 28 da samun 'yancin kai, aka fara haska Sholay a birnin Bombay, wanda a yau ake kira Mumbai. A ranar ƙasar ta shafe kwana 51 a ƙarƙashin dokar ta-ɓacin da gwamnatin Firaminista Indira Gandhi ta ƙaƙaba tun 25 ga Yuni, bayan wata babbar kotu a Allahabad ta soke zaɓenta. An tsare jagororin adawa, jaridu kuma ba sa fita sai jami'an gwamnati sun duba abin da za su buga. Fim ɗin da jama'a suka gani a wannan rana ba shi ne ainihin wanda darakta Ramesh Sippy ya kammala ba. Hukumar tace fina-finai ta tilasta masa sauya yadda labarin ya ƙare, kuma dalilin da ta bayar ya fi kusa da siyasa fiye da tarbiyya.

Labarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Thakur Baldev Singh (Sanjeev Kumar), tsohon sufeton 'yan sanda kuma mai faɗa-a-ji a ƙauyen Ramgarh, ya nemo ɓarayi biyu, Veeru (Dharmendra) da Jai (Amitabh Bachchan), ya ɗauke su aikin kamo masa ƙasurgumin ɗan fashin daji Gabbar Singh (Amjad Khan) da ransa. Ya san su ne tun ranar da yake rakiyarsu a jirgin ƙasa da ankwa a hannu, 'yan fashi suka far wa jirgin, su biyun suka yi faɗa suka kuma kai shi asibiti alhali suna da damar gudu. Sai labari ya yi nisa mai kallo ke gane dalilin da ya sa Thakur ba ya rabo da mayafi: Gabbar ya kashe masa iyali, sannan ya datse masa hannuwa biyu.

Marubutan, Salim Khan da Javed Akhtar, ba su ɓoye inda suka yi aro ba. Ƙauyen da ya yi hayar mayaƙa don kare kansa ya fito ne daga Seven Samurai na Akira Kurosawa (1954) da kwaikwayonsa na Amurka, The Magnificent Seven (1960). Kisan iyalin Thakur ya ɗauko salon Once Upon a Time in the West na Sergio Leone (1968). An ɗauki fim ɗin a cikin duwatsun Ramanagara, kusa da Bangalore a jihar Karnataka, aka shafe kusan shekara biyu da rabi ana aiki, aka kashe kimanin rufi miliyan 30, kuɗi mai nauyi a wancan zamani. A makonnin farko masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, har aka fara lissafa shi cikin asarar shekara. Daga baya labari ya bazu daga baki zuwa baki, ya yi fiye da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. A bikin kyautar Filmfare kuwa kambu ɗaya tak ya samu, na tace hoto.

Dariyar da ke kashewa

Abin da ya raba Sholay da sauran fina-finan faɗa na zamaninsa shi ne yadda ya sarrafa dariya. Akwai barkwanci na zahiri, wanda ko yaro zai gane. Asrani ya fito a matsayin shugaban gidan yari mai gashin baki irin na Hitila, yana tinƙaho da cewa shi tun zamanin Turawan mulkin mallaka yake aiki, yana ba dogarawansa umarnin da ba ya lissafuwa: rabi su bi dama, rabi su bi hagu, sauran su biyo shi. Akwai Basanti (Hema Malini), mai jan keken doki, wadda bakinta ba ya hutawa amma take rantsuwa cewa ita ba ta son yawan surutu. Akwai ranar da Jai ya je nema wa abokinsa aure wurin gwaggon Basanti, ya riƙa yabonsa ta hanyar da kowace jimla ke tona wani sabon aibi, daga caca zuwa giya, har tsohuwar ta rufe ƙofar maganar. Daga nan Veeru ya yi tatil, ya hau tankin ruwan ƙauye yana shelar zai faɗo idan ba a ba shi Basanti ba.

Amma dariyar da ta fi zama a zukatan mutane ita ce ta Gabbar, kuma ba ta raha ba ce. Yaransa uku sun je karɓar hatsi a Ramgarh, mutum biyu suka kore su, suka dawo hannu rabbana. Gabbar ya jera su a gaban duwatsu, yana takawa a hankali, yana jan ɗamarar harsashi a ƙasa. Ya ɗauki ƙaramar bindiga mai cin harsashi shida, ya harba uku sama, ya juya gidan harsashin ta yadda shi kansa bai san inda ukun da suka rage suka tsaya ba. Ya ɗora wa na farko a ka, ba ta tashi ba. Na biyu ma haka. Na ukun, Kaalia, ya roƙe shi yana tuna masa cewa gishirinsa ya ci, ita ma bindigar ta ƙi tashi. Sai Gabbar ya tuntsure da dariya, sauran 'yan fashin suka kama, waɗanda suka tsira ma suka shiga ciki saboda murna. A tsakiyar dariyar ya juyo ya harbe su ukun.

Wanda ya kalli wannan fitowa a cikin taro ya san abin da ke faruwa: 'yan kallo su ma suna dariya, sannan ta maƙale musu a wuya. Sippy ya sa mai kallo ya tsaya a sahu ɗaya da yaran Gabbar, ya ɗanɗana yadda ake rayuwa a gaban mai ikon da ba a san abin da zai faranta masa ko ya fusata shi ba. A nan dariya kayan mulki ce. Duk wanda ya ƙi darawa lokacin da maigida ke dariya ya nuna kansa. Ba a cika samun bayanin kama-karya da ya kai wannan gajarta ba, kuma ya fito ne a watannin da Indiya ke koyon yin shiru.

Amjad Khan ba shi ne zaɓin farko ba. An fara ba Danny Denzongpa matsayin, amma aikin fim ɗin Dharmatma a Afganistan ya riƙe shi. Sabon ɗan wasan da aka yi ta shakkar muryarsa sai ya zama bos ɗin da ya fi jaruman fim ɗin farin jini. An sayar da maganganun fim ɗin a faya-fayai kamar waƙa, kuma kamfanin Britannia ya yi tallar biskit da Gabbar, mutumin da a cikin labarin iyaye mata ke tsorata yara da sunansa.

Wani abin lura shi ne jinin da ake gani a Sholay bai kai yadda ake tunawa ba. A fitowar kisan iyalin Thakur babu kiɗa, sai ƙarar lilo mai tsatsa da iska ke kaɗawa. Da Gabbar ya saita bindiga kan jikan gidan, hoton ya yanke zuwa kan jirgin ƙasa yana fesa tururi. Ba a nuna datse hannuwan ba. Mai kallo ne ke ƙarasa aikin a cikin kansa, shi ya sa ciwon ya fi daɗewa. Haka kuma fitowar limamin ƙauyen, makaho (A. K. Hangal), wanda aka aiko masa gawar ɗansa Ahmed a kan doki. Ya fito yana tambayar abin da ya sa garin ya yi tsit, babu mai iya ba shi amsa. Da mutanen gari suka nemi a miƙa Jai da Veeru ga Gabbar don a zauna lafiya, shi da aka yi wa rashin ne ya ƙi yarda, sannan ya nufi masallaci da aka kira sallah.

Wa ke da ikon hukunci?

A ƙarshen da Sippy ya fara ɗauka, Thakur ya tattake Gabbar har lahira da takalmi mai ƙusoshi, sannan ya fashe da kuka. Hukumar tace fina-finai ta ce ba za ta bari a nuna tsohon jami'in 'yan sanda yana ɗaukar doka a hannunsa ba, ta kuma yi ƙorafi kan tsananin tashin hankalin. Aka sake tara 'yan wasa a Ramanagara ana dab da ranar fitarwa, aka ɗauki sabon ƙarshe inda 'yan sanda suka iso a daidai lokacin, suka tuna wa Thakur cewa hukunci na doka ne, suka tafi da Gabbar. Sippy ya sha faɗa a hirarraki cewa bai so wannan sauyi ba.

Akwai abin dariya a cikin wannan ma, irin wanda marubutan ba su shirya ba. Fim ɗin ya shafe fiye da sa'o'i uku yana nuna ƙauyen da gwamnati ta manta da shi: Gabbar ya tsere daga kurkuku, yana karɓar hatsi a matsayin haraji, yana cewa kuɗin kare su ne daga fushin kansa, babu jami'in da ya leƙo. Abin da hukuma ta iya shi ne sanya ladan rufi dubu 50 ga wanda ya kama shi. Zuwan 'yan sanda a mintunan ƙarshe, bayan Jai ya mutu a kan gada kuma an gama komai, bai wanke gwamnati ba. Ya ƙara fito da makararta ne. Kuma gwamnatin da ke wa'azin bin doka a allon silima ita ce a lokacin ke tsare dubban mutane ba tare da shari'a ba.

Duk da haka hujjar hukumar ba ta wofi ba ce, ko da bakin da ya faɗe ta ba shi da tsarki. Sholay ya sauƙaƙa wa kansa tambayar. Gabbar ba shi da tarihi, ba shi da ƙorafi, ba a san abin da ya kai shi daji ba. Thakur kuwa babban mai gonaki ne, kuma fim ɗin bai taɓa tambayar yadda gidansa ya samu fifiko a kan sauran ƙauyen ba. A zahirin kwarin Chambal, inda aka yi wani ɗan fashi na gaske mai suna Gabbar Singh a shekarun 1950, da yawa daga masu ɗauke da bindiga suna kiran kansu 'yan tawaye ne, kuma rikicin gona da zaluncin bambancin jinsi na cikin abin da ke tura mutane daji. A 1972, shekara uku kafin fim ɗin, ɗaruruwansu sun ajiye makamai ta hannun Jayaprakash Narayan, dattijon da gwamnatin Indira Gandhi ta kama a daren farko na dokar ta-ɓaci. Phoolan Devi, wadda ta miƙa wuya a 1983, ta shiga majalisar dokokin ƙasar a 1996. Babu ko ɗaya daga cikin wannan ruɗani a Ramgarh. Can mugu mugu ne kawai, 'yan hayar da aka ɗauko kuma sun zama mutanen kirki masu cika alkawari, har Jai na amfani da kwabo mai fuska iri ɗaya don ya sadaukar da ransa saboda abokinsa.

Masu kallo a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga waɗannan fuskoki. Tun kafin Sholay 'yan kasuwa Lebanawa ke kawo fina-finan Indiya gidajen silima na arewacin Najeriya, kuma a Kano silimu irin su Plaza da Orion da Eldorado sun yi zamani da su. Dharmendra har laƙabi ya samu, Sarkin Ƙarfi. Masanin nan Brian Larkin ya yi rubutu mai yawa kan wannan alaƙa, wadda tasirinta ya shiga Kannywood. Amma matashin da zai kalli Sholay yau a Gusau ko Funtuwa ba zai gan shi da idon da iyayensa suka gan shi ba. Ƙauyen da ake ɗora wa haraji kafin ya yi noma, da gardamar ko a yi sulhu ko a yi faɗa, da ɗaukar masu bindiga na gida saboda jami'ai sun yi nisa, duk sun bar allon silima sun shigo labaran safe. Kuma tarihin 'yan sa-kai a Zamfara, wanda ya kai har gwamnatin jihar ta haramta ayyukansu saboda zargin kisan gilla da ramuwar gayya, ya nuna ɓangaren da Salim da Javed suka tsallake: wanda aka ba bindiga don ya kare gari ba lallai ya zama Jai ko Veeru ba, kuma ba ya hawa jirgin ƙasa ya bar garin idan aiki ya ƙare.

Dokar ta-ɓacin ta ƙare a Maris na 1977, Indira Gandhi ta sha kaye a zaɓen wannan wata. Ƙarshen da hukumar tace fina-finai ta ƙaƙaba kuwa ya zauna daram, shi ne miliyoyin mutane suka sani a silima da kaset da talbijin. A watan Yunin 2025, ana shirin cikar fim ɗin shekara 50, gidauniyar Film Heritage Foundation ta nuna sabuntaccen kwafinsa a bikin tsofaffin fina-finai na birnin Bologna da ke Italiya, da ainihin ƙarshen da Sippy ya ɗauka. Sanjeev Kumar, wanda ya rasu a 1985, da Amjad Khan, wanda ya rasu a 1992, ba su kai ga ganin wannan rana ba.