Yawon Buɗe Ido a Shi'an, Tsohuwar Fadar Sarakunan Sin: Abin da Ja-gora ke Nunawa da Abin da Ƙasa ta Binne

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin sunan ƙasar Sin. Tun daga bakin malaman zaure yake jin ana ambaton birnin Sin a duk lokacin da ake zancen nisan tafiyar da ya kamata almajiri ya yi wajen neman ilimi. Sai dai kuma fadar Sin ba ta taɓa zama a birni ɗaya ba, domin sarakunan wannan ƙasa sun zauna a garuruwa da dama, kamar Luwoyang da Nanjin da Beijin. Daga cikin waɗanda suka fi daɗewa da riƙe wannan matsayi akwai birnin Shi'an, wanda Sinawa ke rubutawa Xi'an da haruffan boko.

A wannan 'yar maƙala za mu bi sawun ayarin masu ziyarar wannan birni, mu tsaya a duk inda ja-gora yakan tsayar da su. Abin da muke so mu fito da shi shi ne, ja-gora yana bin tsarin hanya ne, ba tsarin tarihi ba. A cikin yini ɗaya zai iya nuna wa baƙo abubuwa biyu waɗanda ke da ratar fiye da shekara 1,500 a tsakaninsu. Wanda bai riƙe shekarun a kansa ba, sai ya koma gida yana zaton birni ɗaya ya gani, alhali kuwa birane ne da dama, wani a kan kufan wani.

2.0 Birnin a Taƙaice

Shi'an yana cikin kwarin kogin Wei ne, kuma shi ne babban birnin lardin Shaanxi. Sinawa sukan ƙirga gidajen sarauta 13 da suka kafa fadarsu a wannan yanki. Waɗanda suka fi shahara su ne daular Cin, wadda ta haɗa kan ƙasar a shekara ta 221 kafin Miladiyya, da daular Han wadda ta gaje ta, sai kuma daular Tang, daga shekara ta 618 zuwa 907. A zamanin Han da Tang sunan birnin Cang'an, wato dawwamammen zaman lafiya. Sunan Shi'an kuwa, mai ma'anar zaman lafiyar yamma, sai a shekara ta 1369 aka raɗa masa shi, a farkon daular Ming, lokacin da sarauta ta riga ta daɗe da barin garin. Wannan bambancin suna shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya.

3.0 Zango na Farko: Rundunar Yumɓu

Yawancin masu ziyara sukan fara ne da fita bayan gari, tafiyar kimanin kilomita 40 gabas, zuwa gundumar Lintong. A nan ne wasu manoma suke haƙa rijiya a watan Maris na shekara ta 1974, sai suka ci karo da gutsattsarin mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Da masana suka shiga tono, sai ga runduna guda a jere cikin ramuka uku, wadda aka ƙiyasta yawan sojojinta da kimanin 8,000, ban da dawaki da kekunan yaƙi. An binne su ne domin gadin kushewar Cin Shi Huwang, sarkin da ya fara mallakar ƙasar Sin baki ɗaya, wanda ya mutu a shekara ta 210 kafin Miladiyya. An buɗe wurin ga jama'a a 1979, sannan hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 1987.

Ramin farko, wanda ya fi girma, tsawonsa ya kai mita 230, faɗinsa kuwa mita 62, kuma an rufe shi da wata makekiyar rumfa. Ja-gora zai ja hankalin baƙo ga fuskokin sojojin, yadda ba su yi kama da juna ba, da kuma yadda ake gane muƙamin kowa daga ɗaurin gashinsa da sulkensa. Ga maharba a durƙushe, ga barade tare da dawakinsu, ga kuma sarakunan yaƙi.

Amma akwai abubuwa uku da ido ba zai gaya wa mai kallo ba. Na farko, ba a tsaye aka same su ba. Rufin katako ne ya rufta musu tun da can, kusan kowannensu ya farfashe, sai da masana suka yi ta haɗa su guntu-guntu, kuma har yanzu aikin bai ƙare ba. Na biyu, launin toka-toka da ake gani ba shi ne launinsu na asali ba. Masu ƙirar sun shafa musu wani irin ƙaron itace, suka bi kansa da launuka masu haske. Da zarar iska ta bugi wanda aka tono, sai ƙaron ya bushe ya ɓamɓare, launin ya bi shi. Na uku, kushewar sarkin kanta, wadda take kamar tsauni kimanin kilomita ɗaya da rabi yamma da ramukan, ba a taɓa buɗe ta ba. Masanin tarihi Sima Ciyan, wanda ya yi rubutunsa kimanin ƙarni ɗaya bayan mutuwar sarkin, ya ce mutum 700,000 aka tara domin aikin, kuma an yi siffar koguna da teku da zaiba a cikin kushewar. Binciken ƙasar wurin ya nuna lalle akwai zaiba fiye da ƙima. Abin mamaki shi ne, shi wannan masani bai ambaci rundunar yumɓun ba ko sau ɗaya. Ke nan abin da littafi ya faɗa ba a gan shi ba tukuna, abin da ake gani kuma littafi bai faɗe shi ba.

4.0 Zango na Biyu: Ganuwa

Da an komo cikin gari, sai a nufi ganuwa. Kewayenta ya doshi kilomita 14, tsayinta mita 12, faɗin samanta kuwa tsakanin mita 12 zuwa 14, har ma akan ba baƙi hayar keke su zagaya birnin ta kanta. Tana da manyan ƙofofi huɗu na asali, gabas da yamma, kudu da arewa. An gina ta da lunguna masu turowa waje, tazarar mita 120 tsakanin kowane biyu, domin maharban da ke wannan lungu da na wancan su iya haɗa kibansu a kan duk wanda ya yi ƙoƙarin hawa a tsakani.

A nan ne baƙo ya fi saurin yin kuskure. Ganin wannan ƙasaitaccen gini sai ya ɗauka ita ce ganuwar Cang'an ta zamanin Tang. Ba ita ba ce. A shekara ta 1370 aka fara gina ta, zamanin sarkin Ming na farko, da ƙasa wadda aka daddaɓe, sannan a 1568 aka lulluɓe ta da gasasshen tubali. An kuma yi mata babban gyara daga shekara ta 1983. Abin da ta kewaye bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin bakwai na birnin Tang ba.

Shi wancan birni, wanda aka aza harsashinsa a shekara ta 582 zamanin daular Suyi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 84, kuma ana ƙiyasta mazaunansa da kimanin miliyan ɗaya. An yanka shi kamar gurbin dara, unguwanni 108, kowace da katangarta da ƙofofinta. Idan magariba ta yi sai a buga tambura, a kulle ƙofofin unguwanni, wanda duk aka kama a kan titi bayan haka ya sha hukunci. Kasuwanni biyu gare shi, ta gabas da ta yamma, kuma ta yamman ce matattarar fataken Farisa da na tsakiyar Asiya masu bin Hanyar Siliki. Daga wannan tsari ne Japanawa suka kwaikwayi fasalin biranensu na Nara da Kiyoto.

To, ina wannan birni ya tafi? A shekara ta 904 wani sarkin yaƙi mai suna Ju Wen ya tilasta wa sarki ƙaura zuwa Luwoyang, ya sa aka warware gine-ginen, aka tura katakonsu ta kogin Wei. Tun daga nan fada ba ta sake komowa ba. Mu da muka san tarihin ganuwar Kano mun saba jin cewa sarakuna suna faɗaɗa ganuwa ne gwargwadon bunƙasar gari. Ta Shi'an kuwa shaida ce ta yadda gari ya tsuke bayan sarauta ta juya masa baya.

A tsakiyar wannan tsukakken birni akwai Hasumiyar Ganga ta shekara ta 1380 da Hasumiyar Ƙararrawa ta 1384, wadda aka ɗauke zuwa inda take yanzu a 1582. Ƙararrawa da asuba, ganga da almuru, haka ake sanar da mutanen gari lokaci. Su ma dai na zamanin Ming ne.

5.0 Zango na Uku: Hasumiyar Dinya

Mai son ya taɓa ginin zamanin Tang da hannunsa sai ya fita ta ƙofar kudu, ya yi tafiyar 'yan kilomitoci zuwa Babbar Hasumiyar Dinya. A yau tana bayan ganuwa, amma a lokacin da aka gina ta a shekara ta 652 a cikin gari take. Wannan kaɗai ya ishi mai hankali ya auna girman abin da ya ɓace.

An gina ta ne domin ajiye littattafan da Shuwanzang, wani malamin addinin Buddha, ya ɗauko daga Indiya. Wannan mutum ya bar Cang'an ba da iznin sarki ba, ya ratsa hamada da duwatsu, ya komo a shekara ta 645 da littattafai 657, sa'an nan ya ƙarar da sauran rayuwarsa wajen fassara su zuwa Sinanci tare da ayarin mataimaka. Ga ɗalibin harshe, wannan hasumiya abin tunawa ce da aikin fassara, ba da yaƙi ko mulki ba. Hawa biyar gare ta da farko. An sake gina ta a zamanin sarauniya Wu Zetiyan, a yau kuma tana da hawa bakwai, tsayinta kimanin mita 64.

6.0 Zango na Huɗu: Dajin Alluna da Babban Masallaci

Kusa da ƙofar kudu, ta ciki, akwai wurin da ake kira Dajin Alluna, inda tun shekara ta 1087 ake tara allunan dutse masu rubutu. A ciki akwai alluna 114 da aka sassaƙa manyan littattafan koyarwar Kwanfushiyas a kansu a shekara ta 837, domin ɗalibai su sami tabbataccen matani wanda kuskuren masu kwafi ba zai gurɓata ba. Akwai kuma wani allo na shekara ta 781, da rubutun Sinanci da na Suryaniyanci, mai ba da labarin isowar addinin Kirista birnin a shekara ta 635.

Ziyara takan ƙare ne a unguwar Musulmi, bayan Hasumiyar Ganga, inda al'ummar Huyi ke zaune. A nan Babban Masallacin Shi'an yake. Baƙon da ya zo yana neman ƙubba da doguwar hasumiya zai wuce shi bai sani ba, don kuwa da katako aka gina shi bisa fasalin ginin Sinawa, rufinsa mai lanƙwasassun kusurwoyi. Farfajiya ce ke bin farfajiya, ana shiga ta gabas ana nufar yamma, saboda a ƙasar Sin alƙibla yamma take. Wani ɗan bene mai kusurwa takwas shi ne a madadin hasumiya. Ɗakin salla yana can ƙarshe, yana ɗaukar kimanin mutum 1,000, an kuma sassaƙa Alƙur'ani a allunan katako da ke jikin bangonsa. Masallaci ne mai rai, ana salla a cikinsa kullum, shi ya sa ba a barin 'yan kallo su shiga ɗakin sallar.

Ja-gora zai ce an kafa shi a shekara ta 742, domin haka wani allo da ke wurin ya nuna. Amma gine-ginen da ke tsaye yanzu sun faro ne daga ƙarshen ƙarni na 14, zamanin Ming, aka kuma yi ta ƙari a bayan haka. Ya kamata a bambance tsakanin shekarar da al'umma ke danganta asalinta da ita da kuma shekarun katakon da ake gani. Daga masallaci sai kasuwar unguwar, inda akan ba baƙo gurasa mai tauri ya gutsuttsura da hannunsa, a zuba masa romon naman rago a kai.

7.0 Kammalawa

Idan muka sake jera abin da muka gani bisa tsarin shekaru, rundunar yumɓu ce ta farko, sai Hasumiyar Dinya bayan shekara fiye da 850, sai allunan dutse, sa'an nan ganuwa da hasumiyoyin tsakiyar gari da ginin masallaci. Cang'an kuwa, wadda saboda sunanta ake zuwa, mafi yawanta tana ƙarƙashin titunan birnin zamani, sai ɗan abin da aka tono, kamar harsashin fadar Daming da aka mayar wurin shaƙatawa a shekara ta 2010.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan gaskiya ne, amma a tsohon birni gani kaɗai ba ya wadatarwa. Duk inda ja-gora ya tsaya, akwai tambayoyi uku da suka kamaci mai nazari: yaushe aka gina wannan, wane ne ya gyara shi, kuma mene ne yake wurin kafinsa? Waɗannan tambayoyi ba na birnin Sin kaɗai ba ne. Su ne dai za mu yi idan muka tsaya gaban kowace tsohuwar ƙofa ko kufai, ko muka buɗe wani tsohon kundi wanda ya bi ta hannun masu kwafi da yawa kafin ya iso gare mu.