Siririyar wayar da ta raba gardamar Faris da Gotingin

A 1912 gardama ta kaure tsakanin masanan Faransa da na Jamus, kuma a kan ƙwallo ne. Gustave Eiffel, wanda ya gina hasumiyar Faris, ya kusa shekara 80, ya bar gine-gine ya koma nazarin iska. A ɗakin gwajinsa na Faris inji ke jawo iska ta wani ƙaton bututu, shi kuma ya rataya ƙwallo yana auna yadda take tura shi. Mutanen Ludwig Prandtl a Gotingin sun yi irin wannan awo. Da aka kwatanta, sakamakon Eiffel bai kai rabin nasu ba. Ɗayansu, Otto Föppl, ya ce ai lissafi ne ya kuɓuce wa tsoho.

Tsoho bai tsaya cacar baki ba. Ya sake awo da ƙwallaye manya da ƙanana, yana ƙara wa iska gudu, sai ga abin mamaki: akwai gudun da in an ƙetare shi, turin kan faɗi kwatsam. Ashe kowa ya auna daidai, iskar Gotingin ce ba ta kai wannan gudun ba.

Dalilin kuwa Prandtl ne ya gano shi. Tun 1904 ya nuna cewa duk inda iska ko ruwa ke bin jikin abu, akwai wata siririyar shimfiɗa da ke manne da jikin, kuma a nan ake yin ta. In shimfiɗar tana tafiya lami lafiya, da wuri take rabuwa da ƙwallon, ta bar faffaɗan gurbi a bayansa wanda ke janye shi. In ta hargitse, tana kwaso ƙarfi daga iskar da ke samanta, ta daɗe manne da jikin, gurbin ya tsuke.

Gwajin da ya yi a 1914 ne ya fi burge ni, saboda arharsa. Ya ɗaura siririyar waya ta zagaye ƙwallo mai santsi, gab da tsakiyarsa ta ɓangaren da iska ke bugowa, don ta dagula shimfiɗar da gangan. Kowa zai zaci cikas ya ƙara, amma turin sai ya ragu. Aka saki hayaƙi aka ɗauki hoto, aka ga gurbin bayan ya ƙanƙance. Ramukan da ke jikin ƙwallon golf aikin wannan waya suke yi, shi ya sa yake zarce ƙwallo mai santsi nisa.