Su Wa Suka Fara Yaɗa Addinin Kirista, Kuma Yaya Ake Yi Yau?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko mana da takarda yana cewa gardama ta kaure a rumfarsu ran kasuwa. Wasu sun ce Turawa ne suka ƙago addinin Kirista suka zo da shi tare da mulkin mallaka, wasu kuwa sun ce ba haka ba ne. Ya nemi mu raba gardama.

To malam, mun gode da takardarka. Shi dai addinin Kirista ba a Turai ya tashi ba. Ya tashi ne a ƙasar Falasɗinu wajejen shekara ta 30 Miladiyya, lokacin ƙasar tana hannun Rumawa. Littafin Ayyukan Manzanni, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, ya nuna cewa mabiyan Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), kamar mutum 120 ne suka taru a Urushalima, wato birnin Ƙudus. Yahudawa ne, wasu a cikin manyansu masunta. Kirista sun yi imani cewa Almasihu ya umarce su su kai bishara, ma'ana albishir, ga dukkan al'ummai. Wannan umarni shi ne tushen aikin har gobe.

Tsanani ne ya fara fitar da su daga gida. Da aka jefe wani daga cikinsu mai suna Istifanas, sai da yawa suka watse, kowa ya kama wa'azi inda ya sauka. A birnin Antakiya, wanda yau yake kudancin Turkiyya, aka fara kiransu Kirista. Can kuma wata matsala ta taso: wanda ba Bayahude ba, in ya karɓi addinin, sai ya yi kaciya ya bi dukkan dokokin Yahudawa? Wajejen shekara ta 49 manyansu suka zauna a Urushalima suka ce ba dole ba ne. Wannan hukunci ne ya buɗe wa sauran ƙabilu ƙofa.

Yanzu ga inda zancen ya shafe ku 'yan kasuwa. Rumawa sun shimfiɗa hanyoyi masu kyau, jiragen ruwa suna ta zirga-zirga a Bahar Rum, harshen Girka kuwa shi ne harshen ciniki, kamar yadda Bahaushe zai sauka zangon Kumasi ko kasuwar Agadas ya yi ciniki ba tafinta. Ta waɗannan hanyoyi na fatake saƙon ya bi. Bulus, wanda ya fi kowa tafiye-tafiye, maɗinkin tanti ne, yana sana'arsa yana wa'azi don kada ya zama kaya ga kowa. A birnin Filibi, wadda ta fara karɓar saƙonsa wata mai sayar da tufafi masu tsada ce, Lidiya, gidanta kuma ya zama wurin taro. Ka ga a lokacin babu ginin coci, a gidajen mutane ake haɗuwa. Wani abin da ya jawo musu jama'a shi ne jinya: a annobar da ta afka wa daular wajejen shekara ta 250, an san su da tsayawa kan marasa lafiya sa'ad da wasu ke gudu.

Har abin ya taɓa kasuwa. Wajejen shekara ta 112 wani gwamnan Rumawa, Filini, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa addinin ya wuce birane ya shiga ƙauyuka, har naman da ake yanka wa gumaka ya yi kwantai, babu mai saye.

Hukuma fa ba ta tare da su. A shekara ta 64 Sarki Nero ya ɗora musu laifin gobarar birnin Rum, ya karkashe su. Sai a 313, zamanin Sarki Kwanstantin, aka ba su 'yancin yin addininsu a fili. Wato kusan shekara 300 addinin yana bazuwa ba soja, ba baitulmali. Amma gaskiya ɗaya ce, bayan da ya sami mulki an sami sarakunan da suka tilasta wa mutane shi da takobi, kamar yadda Sharlaman ya yi wa ƙabilar Saksan a ƙasar Jamus.

Afirka kuwa ta riga yawancin Turai. Akwai Kirista a Masar tun ƙarnonin farko, Sarki Ezana na Aksum a Habasha ya karɓi addinin a ƙarni na 4, Nubiya ta ƙasar Sudan ta biyo baya a ƙarni na 6.

Sai dai abokan gardamarka ba su faɗi a banza ba, domin nan ƙasashenmu Turawan mishan ne suka kawo shi. Mutum uku na farko na ƙungiyar SIM sun iso Ikko a 1893, biyu suka mutu cikin shekara guda. Ƙungiyar SUM ta sauka Wase a 1904, Likita Mila ya zauna Zariya a 1905. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulunci, saboda alkawarin da Lugga ya yi cewa ba za a taɓa addini ba. Shi ya sa suka fi ƙarfi a Filato, kudancin Zariya da Adamawa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950.

Yau hannu ya juya. A 1910 kashi 2 cikin 3 na Kiristan duniya a Turai suke. Ƙididdigar cibiyar Pew ta Amurka ta nuna cewa a 2020 Afirka kudu da Sahara tana da kusan kashi 31 cikin 100, Turai kuwa kashi 22. Masu bishara a karkararmu yawanci 'yan ƙasa ne da coci-coci irin su ECWA da COCIN ke aikawa, da yawansu suna noma don su ci da iyali. Suna aiki da rediyo, da makaranta, da asibiti, da wayar salula. Har akwai limaman coci 'yan Nijeriya da ke wa'azi a Ingila da Amurka.

Ta fuskar doka, sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa, Musulmi da Kirista, 'yancin yaɗa addininsa da na sauya addini. Inda ake samun saɓani shi ne yadda ake wa'azin. Ba a manta rikicin Kano na Oktoban 1991 ba, wanda ya tashi kan taron da aka shirya wa mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke, aka yi asarar rayuka da dukiya. Akwai kuma ƙorafin cewa wasu na haɗa taimakon magani ko abinci da neman mabiya. Wannan ma shugabannin Kirista na duniya sun yi magana a kai: a 2011 Majalisar Coci-coci ta Duniya, da fadar Paparoma, da ƙungiyar 'yan bishara ta duniya sun fitar da takarda tare, suna hana yaudara, da tilastawa, da amfani da talaucin mutum don a ja shi zuwa addini.

Malam, sai ka kai wa mutanen rumfa wannan, a gaishe su.